Hannun Daman Baba

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina maigida da yara? Mu nan New Bell lafiya lau.

Na'urar wasan da kika aiko wa yara, Baba ya ƙwace! Tun da hannunsa na dama ya shanye ya ƙi motsa shi, likita ya yi magana har ya gaji. To, a wasan, da ɗan tsinke mai kama da alƙalami ake zana wa jirgin ruwa hanya bisa gilashin na'urar. Na ce ya riƙe da hagu, ya harare ni: "Alƙalami da hagu? Allah ya kiyaye!"

Sati uku yana fama da dama. Jiya da hannun nan ya ci tuwo da kansa.

Allah ya saka miki da alheri. A sa shi a addu'a, a gaida kowa.

Ƙanwarki,
Balaraba