Sun Ba Makiyayinka Bindiga

Zuwa ga Yayana, Malam Umaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙani ga wansa, ina sanar da kai cewa ranar Litinin aka nuna mini gwajin farko na wasanka a kwamfuta. Sun ba makiyayinka bindiga.

Ka rasu ba ka ga irin wannan wasa ba. Mutum kan zauna gaban allo, ya zaɓi wanda zai zama, ya yi rayuwarsa har ya ci ko ya faɗi. Abin da ka zana ke nan a bayan kwalin sukari, shekarun da aka tura ka koyarwa Fakku, jihar Sakkwato tana sabuwa, abokanka suna tururuwa birni neman kwangila.

Ina tuna kwalin. Hanya daga Tambuwal zuwa Kebbe, gonaki a gefe, burtalin shanu a tsakiya. Wani ya zama manomi, wani makiyayi, wani mai gari. A jefa tsagin kara huɗu a san taku nawa za a yi. Baba ya ce caca ce, ya hana. Sai da ya zauna ya ji dokar, sannan ya ce a ba shi mai gari.

Dokar ita ce wasan. Makiyayi ba ya shiga gona sai mai gari ya yi shelar sakin gonaki, bayan an kwashe gero da dawa. Manomin da shanu ba su kwana gonarsa sun bar taki ba, amfaninsa na baɗi ya karye. Makiyayin da bai sami karan gona ba, shanunsa su rame. Kakan ce, "Ni ba ni son wasan da mutum guda ka ci."

'Yarka Asma'u, wadda ka bari tana rarrafe, ta karanta kwamfuta. Ita ta kai littafin dokokinka ga wasu matasa masu haɗa wasanni a Abuja. Suka kira ni zaman tattara shawara, tunda na buga wasan da hannuna. Wannan ya ce a ƙara kasuwa a Jabo, wancan ya ce a sa damina mai gardama, Asma'u ta ce a yi ma'aunin mutunci da zai riƙa hawa da sauka. Daɗi ya kama ni, na saki baki.

Shugabansu ya tambaye ni ko hanyar tana nan yadda ka zana ta. Aikin jarida ya koya mini kada in rage gaskiya. Na ce masa an nome burtalin, ba mai jiran shela, kuma ba kowa ke bin hanyar bayan la'asar ba. Na ga yana rubutawa. Na ɗauka tausayi ne.

Ranar Litinin na ga abin da ya rubuta. An cire taki, an cire shela, mai gari ya koma mai sayar da harsashi. Da na yi magana, shugaban nasu ya ce mai wasa yana son abokin gaba. Asma'u ni kawai ta duba.

Ba su yi ƙarya ba, Yaya, shi ya fi ci mini rai. Kai ma ka san rigimar manoma da makiyaya, sau nawa ka raba ta a Fakku. Ka san ta, ka ƙi sa ta a kwalinka. Ni na kai musu ita da bakina.

Na rubuta musu: ko su maido da dokarka, ko su cire sunanka. Asma'u ta ce in aka cire, ba sauran inda sunan babanta yake a rubuce.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa yaran da ka koyar su zama shaida gare ka. Ka yafe mini, Yayana.

Ƙaninka,
Aliyu

Asma'u ta kira ɗazu. Ta ce ta ji an maido da shelar, bindigar kuma tana nan. Ba su tabbatar mata ba tukuna.