Rasuwar Tordis Vangen, Gwarzuwar Kokawar Mata ta Kvalvik

Cikin alhini da miƙa lamari ga Ubangiji, Shugaban Ƙungiyar Kokawa ta Kvalvik, da Kwamitin Amintattu, da ɗaukacin masu horarwa da 'yan wasa, suna sanar da jama'a cewa sun sami labarin rasuwar Uwargida Tordis Vangen, tsohuwar gwarzuwar ƙasar Norway a kokawar mata, tsohuwar Babbar Mai Horarwa, kuma Mamba ta Girmamawa a wannan ƙungiya, wadda ta cika da safiyar Litinin a gidanta da ke bakin tashar jiragen kamun kifi, tana da shekara hamsin da tara, bayan jinyar da ta ɗauki kusan shekara guda.

Marigayiya ta fara zuwa zaurenmu ne a kakar 1983, tana budurwa mai aikin yankan kifi a masana'anta, a lokacin da babu mace ko ɗaya da ta taɓa taka katifar kokawa a garin nan. Gaskiya ta wajabta mu faɗa cewa ba mu karɓe ta hannu bibbiyu ba. Kwamitin wancan lokaci ya zauna, mutum biyar suka ƙi, biyu suka yarda, kuma mai sa hannu a wannan takarda yana cikin biyar ɗin. Da aka sanar da ita, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi, "To, na ji. Amma ranar Laraba zan dawo, ko za ku sake zama." Haka ta riƙa dawowa har mako goma sha ɗaya, tana zaune a benci da takalmanta a cinya, har kunya ta sa muka buɗe mata hanya.

Daga nan ta shafe shekara goma sha huɗu tana fafatawa a ajin kilo sittin da biyar, ta riƙe kambun ƙasa sau tara, ta kuma kawo wa garin nan lambobin yabo uku daga gasannin ƙetare, duk ba tare da ta ajiye aikinta na masana'anta ba. Waɗanda suka kara da ita sun shaide ta da ƙarfin riƙo da tsabtar wasa, kuma ba a taɓa jin ta yi jayayya da alƙali ba, ko da hukuncin bai yi mata daɗi ba.

Ranar da ta bar gasa ita ce ranar da mutanen Kvalvik suka fi ba da labarinta. A wasan ƙarshe na gasar ƙasa ta 1997, ta haɗu da ɗalibarta Sunniva Rakvag, wadda ita da kanta ta koya wa kokawa. A lokacin kafaɗar marigayiya ta dama ta riga ta lalace, likita ya gaya mata wannan ce gasarta ta ƙarshe, kuma kambu na goma ne a gabanta. Sunniva ta san ciwon, don haka ta yi ta kewaye tana kauce wa wannan ɓangare. Zauren duka ya ji lokacin da marigayiya ta daka mata tsawa: "Ke Sunniva, kokawa kika zo ko gaisuwa? Kafaɗar tawa ce, ba taki ba. Kama!" Sunniva ta kama, ta kuma kayar da ita. Marigayiya ta miƙe da ƙyar, ta rungume ɗalibar tata da hannu ɗaya, sannan ta kwance takalmanta ta ajiye su a tsakiyar katifa kamar yadda al'adar 'yan kokawa ta tanada ga mai ban kwana da gasa, ta fita da safa. Shekara ashirin da biyu da suka biyo baya ta yi su ne tana horar da 'ya'yanmu, mata da maza, har ta miƙa ragamar ga Sunniva ɗin, wadda ita ce Babbar Mai Horarwa a yau.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maigidanta, Kyaftin Arnfinn Vangen, da 'yarsu Eldrid, da jikokinta biyu, da 'yan'uwa da abokan aikinta na masana'anta, tana roƙon Ubangiji ya ba su haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya kuma ba marigayiya hutawa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu na rana a cocin gari, daga nan a taru a zauren ƙungiya don shan kofi da miyar kifi. Kwamiti ya so rufe zauren na mako guda don makoki, amma iyalinta sun isar mana da wasiyyarta cewa kada a soke horo ko na yini ɗaya saboda ita. Don haka gobe da ƙarfe biyar na yamma ƙofa za ta kasance a buɗe, kowa ya zo da takalmansa.

Sa hannu:
Sverre Aune
Kakaki kuma Sakataren Kwamitin Amintattu
Ƙungiyar Kokawa ta Kvalvik