Ranar da Na Busa Usur

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya su Dela da mutanen Zariya?

Ni lafiya lau a Magariya, ƙasar da Faranshi ke mulki. Ina koya wa 'ya'yan fatake Ingilishi da motsa jiki. Ba albashi, amma ina ci, wandona ne dai ya ƙara faɗi.

Ranar farko na jera yara na busa usur, sai ga iyaye mata a guje, kowacce ta fizge ɗanta. Sun zaci Nasara ke ɗibar soja. Na ajiye usur, yanzu langa muke yi. Wadda ta fi zagina ita ke aiko mini da fura kullum. Da daɗi, amma ba ta kai taki ba.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Muttaƙa