Kifayen Balki a cikin randa

Arlit, daren Talata

Mai yankan gilashi ya ce in ɗauki babban akwatin kifi, don ruwa kaɗan saurin zafi yake yi. Na ƙi ji, na ɗauki ƙarami, saboda pamponmu ba kullum yake kawo ruwa ba. Yau tun hantsi aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, panka ta tsaya. Da na dawo aiki na tarar kifi biyu cikin waɗanda na kawo wa ƴata Balki daga Zinder sun juya ciki sama. Ruwan kamar shayi. Sai na juye sauran cikin randar ruwan shanmu.

Uwar Balki ta ce, "Baban Balki, mu kuma me za mu sha?"

Balki tana barci, ba ta sani ba tukuna. Ni kuwa sai tashi nake ina haska randar, in ga ko suna motsi.