Da Hannun Hagu

Legas, Talata

Aikin farko yau: karɓo kwamfuta a kasuwa.

Zuwa ga 'yata Fiddausi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mahaifiyarki da Inna da duk mutanen Madadi. Yaya damina? Allah ya sanya albarka a karatun lauyan da za ki fara.

Na zaɓa miki kwamfutar, ta hannu ce. Biyu aka nuna mini: ɗaya kyakkyawa mara nauyi, ɗaya mai kauri amma batirinta na daɗewa. Na ɗauki mai kaurin, don na san halin wuta a can. Na danna kowane harafi, duk suna aiki. Duk da haka ina tsoron ko na yi kuskure, ilimina bai kai nan ba.

Za ki ga rubutuna ya karkace. Da hagu nake yi. Injin roba ya kama hannuna na dama a wurin aiki, yatsu uku sun tafi. Da sauƙi, yana warkewa. Kamfanin ya ba ni ɗan abin da ya ga dama ya sallame ni, da shi na sayi kwamfutar. Kada Inna ta ji tukuna.

Ranar da malamanku suka zo kan darasin diyya, ki koya don wasu. Kada ki zauna lissafa tawa.

Mahaifinki,
Ɗanladi

Gobe, in Allah ya kai mu:
wankin ciwo a asibiti
neman direban Gwarzo mai amana
sayen cokali
neman aikin gadi