Muryarki da Na Sata a Bakin Turmi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Rabi, wadda ke kwance a maƙabartar ƙauyenmu, gabas da Tsarnawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci, Ya sa kina cikin ni'ima. Ni ne Isuhu, ɗanki na fari.

Ba ki yi karatu ba, kuma ba mai kai wasiƙa inda kike. Waɗanda za su karanta wannan ɗalibaina ne, masu durƙusa mini suna ce mini Malam. To, su karanta. Sun daɗe suna tambayata abin da ya sa na zaɓi fannin da na tsufa ina koyarwa, ni kuma ina shirga musu ƙaryar kishin al'umma. Yau ke zan gaya wa gaskiya, su kuma su ji daga gefe.

Zan fara da naki laifin, don kina da shi. Ana yaye ni kika miƙa ni ɗakin Kaka, kika shafa wa idonki toka. Kina kiran ƙannena Sani da Hajo da sunayensu, kina zaginsu, kina ɗora su a cinya. Ni kuwa sai dai ki aje ƙwarya a bakin ƙofa ki ce wa iska, “A ba wancan.” Ranar da aka aza ni bisa jaki za a kai ni lakwal, wato makarantar boko, a Ƙonni, har maƙwabta sun yi hawaye. Ke kina sheƙar gero, ko ɗagowa ba ki yi ba.

Kowa ya ce mini al'ada ce, kunyar ɗan fari, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa cikin ido. Na sani, ai ba a wani gari aka haife ni ba. Amma sauran mata suna sassautawa idan yaro ya yi gemu. Ke kin riƙe abin gam kamar farilla.

Da na shiga jami'a a Yamai, shekarar farko duk tare aka zuba mu. Muna taɓa tarihi, muna taɓa labarin ƙasa, da tattalin arziki, da ilimin zaman jama'a wanda muke ce wa sosiyoloji. Ƙarshen shekara aka ba kowa takarda mai layi uku, ya rubuta fannin da yake so, na ɗaya, na biyu, na uku, ya maido bayan hutun damina. Abin da ka rubuta shi ne rayuwarka, don gwamnati da shi za ta san inda za ta jefa ka aiki.

Duk wanda ya san ciwon kansa a ajinmu tattalin arziki ya rubuta. A lokacin ma'aikatar siminti ta Malbaza tana neman 'yan ƙasa masu ilimin da za su zauna buro, wato ofis. Daga can zuwa ƙofar gidanmu ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce. Baba ya rasu, Sani ne kaɗai a gona, ruwan sama kuma ya fara yi mana rowa. Ko makaho ya ga abin da ya kamata in rubuta.

Na zo hutu da takardar a aljihu. Kin ji labarinta, ban san a bakin wa ba. Maimakon ki taka tsakar gida ki same ni, sai kika aika har Alela aka kira yayanki, Kawu Ɗanjimma. Ya yi tafiyar yini guda don ya faɗa mini abin da ke bakin matar da ke bayan danga, tana jin mu. Ya ce, “Innarka ta ce ka ɗauki karatun da za shi maishe ka kusa.”

Wallahi Inna, da kin san yadda maganar nan ta ƙona ni. Na ɗaga murya yadda za ki ji, na ce wadda ke son in dawo kusa ta fito ta kira sunana ta faɗa da bakinta. Kawu ya yi salati. Na ba ki kwana uku. Kwana ukun nan ina zaune a gindin itacen bedi ina jira kamar mai jiran hukunci, ke kuma kina wucewa da tulu kanki a sunkuye.

Rana ta huɗu na fitar da takardar. Layi na ɗaya na rubuta sosiyoloji. Layi na biyu sosiyoloji. Layi na uku ma haka, har alƙalamin ya huda takardar. Ba don ina son fannin ba. Na dai ji malaminmu, wani Bature mai jan gemu, yana cewa masu wannan karatu su ne ke kwance al'ada su ga abin da ke cikinta. Na ce to, ni ke zan kwance.

Shekara biyu bayan haka aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai kafin a ba shi takardar gamawa. Wasu suka ɗauki kasuwa, wasu sarauta. Ni na ce kunyar ɗan fari. Baturen ya yi murna har ya ara mini rakodarsa, ya ce in kawo masa muryoyin matan da kansu.

Na zaunar da ke a kan tabarma kamar yadda na zaunar da sauran matan gari, na ce ki lissafa mini 'ya'yanki. Kika fara daga Sani. Na maimaita tambayar har sau biyar, ina kallon yadda yatsunki ke tsinkar bakin tabarma. Ba ki ba ni komai ba.

Hajo ce ta yi suɓul da baka. Ta zo gida jiran haihuwa, muna hira ta ce ai Inna tana waƙa idan tana daka, amma sai gida ya zama ba kowa. Washegari da hantsi, Sani na gona, Hajo ta tafi unguwa, na sa rakodar cikin kwando, na rufe da tsohon zane, na aje bayan turmi. Na yi sallama da ƙarfi na ce na tafi kasuwar Ƙonni. Ban wuce zauren maƙwabta ba.

Da rana na ɗauki kwandon na tafi bayan gari na kunna. Da farko tabarya ce kawai. Can sai ga muryarki, siririya, wadda ban taɓa sanin kina da ita ba. Kina kiran sunana kina ja, Isuhu na Rabi, Isuhu mai tafiya nesa. Kina ba turmi labarin yadda kike duba ƙwaryata bayan na ci, ki ga ko na rage. Kina faɗin ranar jakin nan, yadda kika aje faifai bayan an watse, kika bi sawunmu ta cikin gero har fadama, kika tsaya inda ba mai ganinki.

Na yi kuka a wurin, ba zan ɓoye ba. Abin da na nema tun ina yaro ga shi a hannuna. Da ɗan kirki ne, da ya rufe akwatin nan ya kai sirrin kabarinsa, ya koma Yamai ya roƙi a canza masa fanni. Ni ba ɗan kirki ba ne. Ina share hawaye ina cewa a raina, ashe kina iyawa, kika bar ni shekara ashirin da biyu ina haɗiyar yawu.

Ranar sunan jaririn Hajo gida ya cika da mata, har da dangin mijinta daga Malbaza. Ana tsakiyar rabon fura na shigo da rakodar, na aje ta bisa turmin nan naki da aka kife, na murɗa ta har ƙarshe.

Kin tuna shirun da aka yi kafin su gane muryar wa ce. Sai wata ta fashe da dariya, sauran suka bi. Wata ta rangaɗa guɗa. Tsohuwar nan uwar mijin Hajo ta tafa hannu ta ce, “Ashe Rabi kunyar taki ta ganin ido ce!” Kina tsaye da ludayi a hannu. Ba ki gudu ba, ba ki yi kuka ba. Kin jira har waƙar ta ƙare, kika aje ludayin cikin ƙwarya, kika shiga ɗaki.

Ni kuwa me nake yi? Ina jingine da rumbu da littafi a hannu, ina rubuta yadda taron ya karɓi abin. Har wadda ta fara dariya na rubuta.

Kafin mako ya zagayo mata suna rera waƙarki a bakin rijiya, suna kwaikwayon yadda kike jan sunan. Kika daina zuwa ɗiban ruwa sai rana ta take, lokacin da ba kowa.

Safiyar da zan koma, ina tsaye bakin hanya ina jiran motar siminti ta rage mini hanya, sai ga ki kin fito. A gaban mutane kika tsaya, kika dube ni cikin ido, abin da ba ki taɓa yi ba. Kika ce, “Isuhu, ka sauka lafiya.” Haka kawai, da irin muryar da kike sallamar mai tallan goro.

A cikin mota har murmushi nake yi, wai na ci nasara. Kash! Sai da na zo hutu na gaba na gane. Kina kirana Isuhu safe da yamma. Kina miƙo mini ƙwarya hannu da hannu, kina tambayata ya hanya, ya mutanen Yamai, kamar yadda ake yi wa baƙon da zai kwana biyu ya wuce. Kin daina jin kunyata, Inna. Shekara shida kika yi a haka kafin ki rasu, kuma Hajo ta ce ba a ƙara jin kin yi waƙa ba, ko gida ba kowa.

Binciken ya samu yabo. An karanta shi a gaban aji, an tafa mini. A cikinsa ba ki da suna, na kira ki mace ta bakwai, manomiya, ba ta yi lakwal ba. Faifan da ke ɗauke da muryarki kuma na miƙa wa Baturen tare da rakodarsa, don nasa ne. Da aikinsa ya ƙare ya zuba shi cikin akwati da sauran, ya tafi ƙasarsu. Ban kwafa ba. Aiki kuma aka ba ni a Yamai, nesa da ke, kamar yadda na rubuta da hannuna har sau uku.

Yanzu na girme ki, Inna. Na wuce shekarun da kika yi a duniya, gwiwoyina sun fara ƙin tashi. Wani lokaci idan maƙwabciya tana daka nakan aje abin da nake yi in saurara, ina ƙoƙarin tuno yadda waƙar take hawa da sauka. Kalmomin suna nan, amma muryar ta ɓace mini. Wadda ta rage a kunnena ita ce ta bakin hanya.

Ban zo neman ki ce ba komai ba, don akwai komai. Ke kin so ni yadda aka koya miki, ni kuma na rama da abin da aka koya mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya suturta ki fiye da yadda ɗanki ya tona ki. Allah Ya yafe mini abin da ban da bakin roƙonki. Idan kuma Ya ƙaddara za mu haɗu a inda ake haɗuwa, ina roƙonSa abu ɗaya: in kin hango ni tafe, ki sunkuyar da kai, ki ja mayafi, ki wuce ba ki ce mini komai ba.

Wassalam.

Naki, wanda kika fara haifa.