Ofishina Ya Koma Cikin Mota

Anti mai shawara, don Allah ki agaza min kafin shugabarmu ta iso.

Ni ne manajan reshen wani kamfanin sabulu da hedikwatarsa ke ƙasar waje. Alhamdulillahi aiki na tafiya, ina jin daɗinsa, ba ni da abin kuka. Sai dai bara suka turo umarni a rushe bangon ofisoshi, kowa ya zauna a falo ɗaya, wai babu babba babu yaro. Har ƙofata aka cire. Yanzu teburina yana tsakanin na akawu da firij.

Tun daga ranar ba wanda ya ƙara kawo min matsalarsa teburina. Wa zai ce ya yi kuskure a gaban ƙannen bayansa? Baba makanike, wanda a haife ya haife ni, sai ya tare ni a wurin ajiye motoci, mu shiga motata mu ɗaga gilashi, sannan ya faɗa min inji ya fara ƙara. Wasa-wasa har layi ake yi. A ciki na sasanta direbobi biyu da suka daina gaisawa. Matata ma tsokanata take, wai in saka labule da fanka.

Shugabar da ta kawo tsarin tana zuwa mako mai zuwa. Mutuniyar kirki ce, ita ta ɗauke ni aiki, kuma tana alfahari da falon nan. In na yi shiru na ɓoye mata gaskiya. In na faɗa, ina tsoron ta ce girman kai ne ya motsa min, ta daina yarda da ni.

Naki, Manajan cikin mota.

Malam manaja, ka ba ni dariya, amma kwantar da hankalinka. Niyyarsu mai kyau ce, so suke na ƙasa ya samu bakin magana. Wataƙila a can cire ƙofa ke kawo hakan. A wurinku kuwa sai an rufe ta mutum yake sakin jiki. Wannan ne ba ta sani ba, kuma ai don ka sanar da ita irin wannan ta ɗauke ka.

Kada ka nemi a maido maka ofis. Nemi ɗan ɗaki mai ƙofa wanda kowa zai iya shiga, har mai shara. Kuma kada ka yi mata bayanin a falo a gaban jama'a, ita ma ba za ta so a gyara mata a idon mutane ba. Ka buɗe mata motar, ta shiga, ka ɗaga gilashi.

Allah ya bar zumunci tsakaninku, ya ƙara albarka a aikin.